Tsinke Ɗaya, Gashi Har Ƙugu: Gwanintar Ɗaurin Kai a Ƙasar Sin

A shekarar 1976 masu haƙar kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Anyang, cikin lardin Henan na ƙasar Sin. Kabarin Fu Hao ne, matar sarki Wu Ding na daular Shang, wadda ta rasu wajen shekara 1200 kafin Miladiyya. Ba matar kulle ba ce, jarumar yaƙi ce da ta ja runduna, har da manyan gaturan tagulla aka binne ta. Amma cikin kayan da aka tarar akwai tsinkayen gashi na ƙashi kusan 500.

Wanda bai san ƙasar ba zai ce ƙawar matan sarauta ce kawai. To, a tsohuwar ƙasar Sin tsinken gashi ba kayan mata kaɗai ba ne. Sarki na sa shi, malami na sa shi, soja ma haka. Dalili kuwa shi ne babba ba ya aski. Littafin Xiaojing, wanda ke koyar da biyayya ga iyaye, ya lissafa gashi cikin abubuwan da mutum ya karɓo daga mahaifansa, waɗanda bai da ikon lalatawa. Saboda haka da zarar yaro ya tasa, aska ta bar kansa ke nan. Gashi ya yi ta tsawo har gadon baya, wani har ƙugu, ga shi miƙaƙƙe mai santsi, ba irin namu da ke riƙe kitso da kansa ba. Kowace safiya sai an san yadda aka yi da shi. Babu roba, babu ribom, sai tsinke guda na itace ko ƙashi ko ƙaho, da hannu biyu da ke aiki a ƙeya inda ido ba ya gani.

Ga yadda ake yi. A taje gashin tas, a tattaro shi da hannu ɗaya a ƙeya ko a tsakiyar kai. Sai a murɗa, a yi ta murɗawa har ya yi tauri ya fara neman naɗewa da kansa. Daga nan a bi shi yadda yake so, a naɗe shi kamar gammo a gindinsa, a cusa jelar ƙarƙashi. Zuwa nan kowa zai iya. Inda ake gane gwana shi ne shigar tsinken. 'Yar koyo takan soka shi kai tsaye daga wannan gefe zuwa wancan, kafin ta kai bakin ƙofa komai ya warware ya zubo. Gwana kuwa takan soka bakin tsinken a gefen naɗin tana nufar waje, wato akasin inda zai dosa a ƙarshe. Ta tsinto 'yan silin gashi a bakinsa, sannan ta juya shi, ta kifar da shi har tsinin ya taɓa fatar kai. Sai ta tura shi a hankali yana gogar fatar, yana kwasar gashin da ke manne da kai, har ya ɓullo can gefen.

Wannan juyin shi ne duka aikin. Gashin da aka murɗa kullum so yake ya warware, amma yanzu duk yunƙurin da ya yi sai ya ƙara danne tsinken a kan gashin da ke jikin kai. Ƙarfin da zai kwance ɗaurin shi ne ke riƙe da shi. In an cika murɗawa, ciwon kai ya biyo baya ko tsinken ya karye. In an yi sako-sako, ya sulale. Ma'aunin yana cikin yatsu, ba a faɗa da baki. Wadda ta iya takan gama cikin ƙiftawa da bismilla tana hira, ta yini tana aiki ɗaurin bai motsa ba, da dare kuma ta zare tsinken da yatsu biyu gashi ya sauko gaba ɗaya.

Mai son ganin yadda maza suka iya abin, ya zagaya bayan sojojin yumɓun nan da manoma masu haƙa rijiya suka tono kusa da birnin Xi'an a 1974. An yi su ne don tsaron kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, wanda ya mutu a 210 kafin Miladiyya. Masu ziyara sukan tsaya kallon fuskokinsu, amma a ganina ƙeyarsu ta fi ban mamaki. Da yawa daga dakarun ƙasa an kitse musu gashin gefen kunne da na ƙeya ƙanana-ƙanana, an haɗa kitson a bayan kai, sannan aka tattara sauran aka ɗaure tukku a saman kai ta ɓangaren dama. Maharba masu durƙuso nasu tukkun na hagu. Wasu kuma an yi musu faffaɗar tufka mai rassa shida, an naɗe ta a kwance a ƙeya don hula ta zauna. Maginan sun bi kowane layin mataji sun zana shi a yumɓu. Soja ne zai yi tafiyar kwanaki, ya yi gudu, ya yi sara da suka, ba tare da suma ta rufe masa ido ba.

Akwai 'yan dabarun taimako. Mataji iri biyu ne: shu mai manyan haƙora na warware gashi, da bi mai haƙora sirara a matse, na fitar da amosani da kwarkwata. Garin Changzhou ya yi suna a kan sassaƙa su har yau. A ƙarnukan baya-bayan nan mata sukan jiƙa sassaƙen wani itace a ruwa har ya yi yauƙi, su shafa don gashi ya kwanta luf. Ƙarin gashi ma tsohon abu ne. Da aka buɗe kabarin Xin Zhui a Mawangdui, kusa da Changsha, a 1972, an tarar da gawar wannan matar basarake ta zamanin daular Han da ƙarin gashi a kanta, an kafe shi da tsinkaye.

Abin da hannu ke yi kullum safiya, dole baki ya ɗauka. Shi ya sa Sinanci ke cike da maganganun ɗaurin gashi, har shekarun mutum ma da gashinsa ake faɗa. (Ga mai son furtawa: a rubutun Sinanci da haruffan boko, x kusan sh ne, q kusan c ne, zh kuma kusan j.) Ƙaramin yaro da gashinsa ke reto ba a ɗaure ba, shi ne chuitiao. In ya ɗan tasa sai a raba gashin biyu a ɗaure tukku a kowane gefe, ya tsaya tamkar ƙaho, a kira shi zongjiao, ɗaurin ƙahoni. Idan dattijo ya ce wane abokinsa ne na zongjiao, yana nufin tare suka yi wasan ƙasa. Yarinya mai irin wannan tukku biyu ita ce yatou, kuma harafin farko na kalmar, 丫, hoton kanta ne daga nesa. Da yake kuyangin gidajen attajirai haka ake ɗaure musu kai, sai kalmar ta zama sunan kuyanga. Yau kakanni ke kiran jikokinsu mata da ita cikin wasa.

A da, a shekara 15 ake kwance wa yaro ƙahonin a haɗe su tukku ɗaya a tsakiyar kai, wannan shi ne shufa, lokacin shiga karatu mai zurfi. Yarinya ma a 15 ne ake naɗe mata gashi a soka tsinke in an yi mata baiko, sai a ce ta kai jiji, wato ta isa tsinke, ta isa aure. In ba a yi baikon ba, tsoffin littattafan ladubba sun ce a yi mata bikin a shekara 20.

Babban biki na namiji ne a shekara 20. Littafin Yili ya buɗe ne da bayaninsa. Ana yin sa a ɗakin tunawa da kakanni, a gayyato wani dattijo mai mutunci. A taje wa saurayin kai, a naɗe gashin cikin baƙin ƙyallen siliki, sannan dattijon ya sa masa hula uku bi da bi: ta baƙin yadi, ta fatar barewa, sai ta ibada mai launin ja da baƙi. Bayan haka ya je ya gaida mahaifiyarsa, ita ma ta rusuna masa, domin daga yau babba ne. A nan ake raɗa masa suna na biyu, zi, wanda tsaransa za su riƙa kiransa da shi, sunan yanka kuwa ya zama na iyaye da sarki da shi kansa. Mashahurin wazirin nan Zhuge Liang, alal misali, zi ɗinsa Kongming ne. Har gobe marubuci zai ce wane yana shekarun ruoguan, mai sabuwar hula da bai gama ƙwari ba, kowa ya gane ɗan shekara 20 ake nufi. Shi kansa harafin da ke nufin namiji baligi ko miji, 夫, hoton mutum ne, 大, da aka gitta wa layi a ka. Xu Shen, wanda ya rubuta ƙamus wajen shekara 100 Miladiyya, ya ce layin nan tsinke ne.

Kalmar da ta fi kowace tsawon rai ita ce jiefa, ɗaure gashi. Da farko ma'anarta tashen samartaka. Janar Li Guang na daular Han, a ranar da ya kashe kansa a 119 kafin Miladiyya don gudun wulaƙancin tuhuma, ya gaya wa mutanensa cewa tun da ya ɗaure gashi ya gwabza da 'yan Xiongnu, abokan gabar daular, sama da sau 70. Daga nan kalmar ta zarce zuwa aure, domin matar da mutum ya aura yana sabon ɗaurin gashi ita ce ta fari. Jiefa fuqi shi ne abin da za mu kira auren saurayi da budurwa. Ko mutum ya ƙara aure bayan rasuwa ko rabuwa, wannan suna na ta farko ne, ba a gadonsa.

Da can, yarinyar da aka yi wa baiko takan ɗaura wani zare mai launi a gashinta, kuma ango ne da hannunsa ke kwance shi a daren farko. A zamanin daular Song sai jama'a suka ɗauki kalmar yadda take a baki. Meng Yuanlao, wanda ya rubuta tarihin rayuwar birnin Kaifeng a 1147, ya bayyana yadda ake zaunar da ango a hagu, amarya a dama, a ɗebo gashi kaɗan daga kan kowannensu a ɗaure tare. Malamai irin su Sima Guang sun ga abin a matsayin shirmen jahilai da ba su fahimci asalin kalmar ba. Ta fuskar nahawu malaman ne da gaskiya, amma jahilan ne suka yi nasara, kuma ban ga laifinsu ba. Sili biyu in aka ƙulle su, ba mai iya cewa wannan na wane ne.

Tsinken ma iri biyu ne. Zan mai ƙafa ɗaya ne, maza da mata na sa shi. Chai mai ƙafa biyu ne, na mata. In tafiya ta raba masoya, sai mace ta tsaga chai ɗinta biyu, kowa ya riƙe rabi, shi ya sa raba chai ke nufin rabuwar ma'aurata. Matar talaka da ba ta da zinariya takan karyo reshen ƙaya ta soka a kai, daga nan aka samu jingchai buqun, tsinken ƙaya da zanen gwado, yabo ga mace mai haƙuri da rashi. Mazan da, in za su ambaci matansu gaban baƙi cikin ƙanƙan da kai, sai su ce zhuojing, wato ƙayata mara fasali. Ko matan sun ji daɗin wannan tawali'u da ake yi da sunansu, wannan wata magana ce.

Akwai kuma matan da suka karɓe matajin daga hannun kowa. A tsohuwar al'adar kudancin ƙasar, budurwa kan bar gashinta a tufke, sai daren aure wata dattijuwa mai albarkar 'ya'ya ta taje mata ta naɗe shi. A gundumar Shunde ta lardin Guangdong, inda masana'antun siliki suka ba 'yan mata abin hannunsu a ƙarni na 19, wasu sai suka riƙa zaɓar rana, su tara ƙawaye, su yi alwashi a wurin ibada, a naɗe musu gashi irin na matan aure ba tare da miji ba. Ana kiran su zishu nü, masu taje kansu. Daga ranar babu mai yi musu zancen aure, ko iyaye, kuma ba a komawa baya. Da kasuwar siliki ta faɗi a shekarun 1930, da yawansu suka tafi aikatau Hongkong da Singafo, suna aiko wa 'yan'uwa kuɗi. Da gumin nasu suka gina wani gida a Shunde mai suna Bingyutang, don su sami inda za su tsufa tare.

A fada kuwa, hular ma'aikaci ba ta zama a ka sai da tsinke. Tana da huda a gefe biyu, tsinken ya ratsa ta ya ratsa tukkun, sannan a ɗaure igiyoyinta ƙarƙashin haɓa. Saboda haka gidan da ya gaji muƙami ake ce masa gidan tsinke da igiyar hula, zanying shijia, wanda ya yi murabus kuma a ce ya zare tsinke, chouzan. Zilu, almajirin malamin hikimar nan Konfushiyas, yana cikin faɗa a ƙasar Wei a 480 kafin Miladiyya aka sare masa igiyar hula. Ya tsaya ɗaure ta don kada ya mutu kai ba hula, a nan aka kashe shi. Mai karatu na iya cewa wauta ce. Sinawa dai sun mai da ita misalin mutuwa da mutunci.

Wankin irin wannan gashi aikin yini ne, don sai ya bushe ake naɗewa. A daular Han ma'aikatan gwamnati na samun hutun kwana ɗaya cikin kowane kwana biyar, kuma sunan hutun xiumu, hutun wanke kai. Wanda ya san haka ne zai gane nauyin labarin Zhou Gong, wanda ya riƙe wa ɗan wansa sarauta a ƙarni na 11 kafin Miladiyya. An ruwaito cewa in baƙo mai ilimi ya yi sallama yana tsakar wanke kai, sai ya damƙe jiƙaƙƙen gashin a hannu ya fito, in yana cin abinci kuma ya tofar da lomar. Wofa tubu, damƙe gashi da tofar da loma, shi ne kirarin shugaban da ba ya barin mutanen kirki suna jira a zaure. Ɗalibai ma suna da nasu: Sun Jing, wanda ya ɗaure tukkunsa da igiya a jikin azara don in gyangyaɗi ya ɗauke shi ya ji fizga. Har yau iyaye na yi wa 'ya'yansu misali da shi in jarrabawa ta matso.

Tunda ɗauri ne mutunci, yankewa hukunci ce. A da, aske kai na cikin horon da kotu ke yankewa, sunansa kun. An ce Cao Cao, jagoran yaƙin da ya mutu a 220, ya kafa doka cewa duk sojan da ya tattake gonar alkama kisa ne hukuncinsa, sai dokinsa ya zabura ya faɗa gona. Ya zare takobi ya yanke gashinsa ya jefar, a madadin kansa. Gefa daishou ke nan. Wasu na ganin wayo ne ya yi, kuma Cao Cao bai rasa wayo ba, sai dai wayon ba zai ci ba in da sojojin ba su ɗauki gashi da tsada ba. Abin dariya, hedikwatarsa ita ce garin da ake kira Xuchang yanzu, inda ake sarrafa gashin kanti mai yawa da ke zuwa kasuwannin Afirka.

Sakakken gashi kuwa alamar baƙon jeji ce, ko mahaukaci, ko mai makoki. Konfushiyas ya yaba wa waziri Guan Zhong da cewa ba don shi ba da Sinawa sun koma sakin gashi da rufe riga ta hagu kamar ƙabilun arewa, shi ne asalin pifa zuoren, wato faɗawa hannun baƙi. Abin da ake tsoro ya zo a 1645. 'Yan ƙabilar Mancu da suka kafa daular Qing suka ba da umarni, ta bakin mai riƙon sarauta Dorgon, cewa kowane namiji ya aske ya bar jela a ƙeya cikin kwana 10. Maganar da ta yaɗu ita ce, ka bar gashi ka rasa kai, ko ka bar kai ka rasa gashi. Garuruwan da suka riga suka miƙa wuya suka tayar. Jiangyin ta yi kwana 81 tana turjiya kafin a murƙushe ta da kisan kiyashi. Doguwar jelar nan da ake gani a kan Jet Li a finafinan Wong Fei-hung, wadda da yawa ke ɗauka ita ce asalin al'adar Sinawa, tambarin cin yaƙi ce. A 1912, da daular Qing ta faɗi, shugaban sabuwar jamhuriya Sun Yat-sen ya ba da kwana 20 a yanke ta, amma maza ba su koma tukkun kakanni ba, askin Turawa suka ɗauka.

Waɗanda suka riƙe ɗaurin maza ba yankewa su ne malaman addinin Dao, da dokar Mancu ta ƙyale. A Dutsen Wudang har yanzu za ka gan su da tukku da tsinken itace. Sai kuma samari da 'yan matan da suka farfaɗo da tufafin gargajiya na hanfu tun farkon shekarun 2000, waɗanda ke koyon juyin tsinke daga bidiyon waya, tunda kakannin da za su koya musu su ma da gajeren gashi suka tashi. Wasu ma'auratan sun dawo da ƙullin sili biyu a ranar biki, su ajiye shi cikin 'yar jakar jan alharini. Magidanci a Beijing yau yana zuwa shagon aski kamar kowa, bai taɓa riƙe tsinke ba. Amma in ya yi arziki ya wulaƙanta matar da suka sha wuya tare, abin da za a faɗa a kansa shi ne ya yasar da matar da ya ɗaure gashi da ita.